Albasar Jibo Ta Mutu da Ƙishirwa

Jibo ba manomi ba ne. Makiyayi ne ɗan makiyayi daga dajin Maradun, har ranar da ɓarayin daji suka kore garkensa kaf, ko ɗan maraƙi ba su bar masa ba. Surukinsa Malam Gambo ya ara masa 'yar gona a bakin ruwan Bakolori, da ɗaki a gefenta. Ya ce rani ɗaya ne, in noman ya karɓe shi ya zauna, in bai karɓe shi ba ya ƙara gaba.

To, Jibo ya dasa albasa, ya riƙe ta irin riƙon da ya sani. Saniya in ta rame, kanwa ake ƙara mata. Da ya ga dashen ya ɗan yi rawaya, sai ya farke buhun takin zamani, farin nan, ya bi gindi-gindi yana cika hannu yana zubawa, har da yi mata 'yar muryar lallashi. Kai, rowa dai ba wanda zai ce Jibo ya yi!

Ba a jima ba albasa ta kwanta. Ya sakar mata ruwa, ta ƙara kwanciya. Hankalinsa ya tashi, ya tare Nasidi malamin gona da ke wucewa bisa babur.

Bayan sun gaisa, Nasidi ya tuge guda ɗaya. Saiwar ta yanƙwane, ta yi ja. Ya dangwali ƙasar ya kai bakinsa, ya tofar.

"Subhanallahi! Baba, mi ka zuba mata haka?"

"Abinci na ba ta."

"Ka ga fatar saiwar ga? Akwai 'yan ƙofofi gare ta da ido ba ya gani. Ruwa na ratsa su, amma kullum wajen da gishiri ya fi yawa yake bi. Da, cikin saiwar ya fi ƙasa gishiri, sai ruwa ya shiga. Taki kuwa gishiri ne. Yanzu takinka ya sa ƙasa ta fi, ita ke tsotse albasar."

Jibo ya dubi ruwan da ya rufe masa idon sawu. "Ƙishirwa ta kashe ta ke nan? Cikin ruwa?"

"Ita ce, Baba."

"Saniya in ta faɗi, ana yi mata wuƙa a ci nama. Wannan fa?"

Nasidi ya sunkuyar da kai. "Babu abin ɗauka. Lokacin dashe kuma ya wuce."

Baƙin cikin da ya kama Jibo ya fi na ranar shanu, don a ranar yana da wanda zai tsine wa. Yau kuwa hannunsa ne, kuma da ƙauna ya yi.

Yana nan tsaye matarsa Taibatu ta iso da ƙwaryar fura. Ta dubi gonar daga wancan gefe zuwa wannan, ba ta ko sauke ƙwaryar ba.

Ta ce, "Ina kuma za mu?"