Sulalla ko Aninai

"Wannan fa?" in ji Baba Auta, ya miƙo wani ɗan ƙaramin kuɗi mai huda a tsakiya.

Ƙasimu tela ya karɓa, ya goge shi da bakin rigarsa, ya ɗaga shi wajen hasken ƙofar zaure. "Alif ɗari tara da ashirin da takwas, Baba."

"Madalla. Ajiye shi gefe."

Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Daga zauren ana jin kukan shanu da rugugin manyan motoci a kan gada. Ƙasimu ya baro kekensa da ɗinkin mutane a shago, don tun da yanar ido ta hana tsohon gani, shi ke karanta masa shekarar da ke jikin kuɗi. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu.

Baba Auta ɗan fito ne a da. A bakin kogi ya fara wannan abu da mutane ke kira wauta: duk kwabon da aka biya shi, in shekararsa ba ta cikin waɗanda yake da su, sai ya ware shi, ko da ranar za a kwana da yunwa. Ya fi shekara arba'in yana yi, har ya haɗa kwabo mai huda tun daga na farko zuwa na ƙarshe. Ƙasimu ne ya ɗinka masa wani farin ƙyalle mai ƙananan aljihuna, kowane kwabo da ɗakinsa. Da aka canza kuɗi aka koma naira, mutane suka yi ta rububin kai tsofaffi banki. Shi ko ɗaya bai kai ba.

Yanzu ga Ya'u dillali tsugune a gabansa da 'yan jakunkuna biyu. Ɗaya sulalla ce ta azurfa, ɗaya aninai.

"Baba, ka yi shawara da wuri," in ji Ya'u. "Tun da aka biya ƙarin albashin Udoji kowa awarwaro yake yi wa matarsa. Maƙeran fari bin sulallan nan suke kamar ƙuda da nama. Ɗaya naira biyu. Aninan kuwa, ka ba da naira biyar ka kwashe duka da jakar."

Naira shida ce a ƙarƙashin buzun Baba Auta, Ƙasimu kuma ya san ta mece ce. Bilya, ɗan tsohon da ke aiki a Legas, shi ya aiko da ita don a kai uban asibiti a Kano. Ƙafafunsa sun kumbura har gwiwa, numfashinsa yana fita da ƙara.

"Baba," in ji Ƙasimu a hankali, "kuɗin nan fa na mota ne da magani."

"Na sani."

"To?"

"Rannan da malamin asibitin nan namu ya danna min ƙafa, yatsansa ya lotsa, wurin bai taso ba. Ban ga fuskarsa ba, amma na ji shirun da ya yi. Ƙasimu, ni da na tsufa a kan ruwa, na san mai janyewa, na san mai tahowa." Ya laluba ya ɗauki sule ɗaya, ya kaɗa shi kusa da kunnensa da farce, ya saurari ƙarar har ta mutu. Ya daɗe riƙe da shi. "Tun ina yaro nake son waɗannan. Amma naira shida sule uku ke nan. In na fara ba zan gama ba. Kuma shi sule yana da masoya, ko an narka shi hannun amarya zai hau. Anini fa? Ko yaro ya gan shi a ƙasa ba ya sunkuyawa." Ya mayar da sulen. "Ya'u, bar min aninan."

Da Ƙasimu zai fita, Barakatu matar tsohon ta tare shi daga bayan asabari.

"Malam Ƙasimu, kai ne mai ido, kai ne mai hankali. A gabanka aka sayi ƙarfe da kuɗin magani?"

"Iya, na yi magana."

"Magana! Ai da ka daina karanta masa, da ya daina saye."

Ƙasimu ya koma shago. Ranar har la'asar ɗinki ɗaya yake farkewa yana mayarwa.

Washegari ya ce shi zai biya kuɗin motar daga aljihunsa. Baba Auta ya yi godiya, ya sa masa albarka, ya ce a bari su gama tantance jakar tukuna, sai a tafi bayan wata Juma'ar. Don haka kullum da hantsi Ƙasimu kan shigo, yana jin idon Barakatu a bayansa, ya zauna ya yi ta karatun shekaru. Aninan jakar sun fi ɗari biyu, amma yawancinsu maimaici ne. Shekara goma sha tara kacal suka fitar. Tsohon bai damu ba. Kowanne sai ya shafa tauraron da ke bayansa, ya faɗi abin da ya tuna. Wannan shekarar aka yi fara. Wannan shekarar kogi ya ci masa ƙane. Da anini ɗaya, in ji shi, yaro kan sayi ƙosai ya ƙoshi.

Ranar Laraba tsohon ba ya iya zama, sai da aka jingina shi da bango. Saura ɗaya a gindin jaka.

"Karanta."

Ƙasimu ya juya shi, ya tofa masa yawu, ya murza. Hannuwan mutane sun cinye rubutun, ya yi sumul.

"Ya goge, Baba. Ba a ganin komai."

"To wannan ya fi su aiki. Ɗinka masa aljihu shi ma."

Ƙasimu ya tafi sallar azahar. Kafin ya dawo ya jiyo kukan Barakatu tun daga bakin lungu. Bayan la'asar suka kai shi makwancinsa.

Bilya ya iso ranar addu'ar uku, idanunsa jajur. Da uwar ta faɗa masa inda kuɗin maganin ya tafi, daga ranar gaisuwarsa da Ƙasimu ta gajarce. Sau biyu Ƙasimu yana zuwa da niyyar roƙon ƙyallen, ko a sayar masa, sau biyu yana komawa da maganar a bakinsa. Yana tsoron a ce dama abin da yake jira ke nan.

Bilya ya ce uwarsa ba za ta ƙara damina a ɗaki mai yoyo ba. Aka sauke azara, aka kawo kwano sabo fil daga Kano. Rana ta biyu kafinta ya ce 'yan ƙarafan da ake sa wa ƙusa a wuya, don kada ruwa ya bi, sun ƙare, kuma babu su a kasuwa, kowa gini yake. Barakatu ta shiga ɗaki ta fito da farin ƙyallen.

Ƙasimu yana shago ya ji bugun guduma, bai kawo komai a ransa ba. Sai da yamma da ya hau tsani zai gyara indararon gidansa, ya leƙa ta kan katanga. Kwabban ne jere a kan sabon kwanon, layi-layi, kowanne da ƙusa a tsakiyarsa. Can gefe, inda suka ƙare, an ci gaba da aninai, bibbiyu a haɗe don ƙanƙantarsu.

Na kusa da katangar yana iya ganin shekararsa. Ya karanta ta a hankali, da ɗan ƙarfi, sannan ya tsaya riƙe da tsanin. Wata kurciya ta sauka a kan kwanon, ta ji zafi, ta tashi.