Fitilar Gefen Hagu

Shekara biyu ke nan da kunnen Awabu ya yi nauyi, kuma duk faɗin unguwar Nima mutum ɗaya ne ya sani, Hudu mai fitilu. Ita ce ke jan gaba a ƙungiyar rawa ta Baba Moro, mace ce da in ta juya sai ka rantse ba ƙashi a ƙugunta. Zazzaɓi ne ya kwantar da ita mako uku, ta tashi da wani ƙugi a kunne wanda ba ya ɗaukewa, ko da kiɗa ko babu. Magana tana kamawa in mai yin ta na kusa, tana ganin bakinsa. Kiɗan da aka naɗa ake saki a sifika kuwa ya ɓace mata gaba ɗaya. Kuma kowa ya san inda ake ajiye mai rawar da ba ta jin kiɗa, bayan labule ne, wajen gugar kaya.

Hudu ta gaya wa, don a lungu ɗaya suka taso, a famfo ɗaya suka yi layin ruwa. Ya ce ai wannan ƙaramin abu ne. Ya kwana uku yana fama da konsol, wato allon nan mai maɓallai da yake sarrafa fitilun dandamali da shi. Ya rataya wata 'yar fitila rawaya a gefen hagu, can ƙasa bayan sifika inda 'yan kallo ba sa gani, ya ɗaure ta da saurin kiɗan: ganga na bugu ɗari da ashirin a minti, fitila na ƙiftawa ɗari da ashirin. Manyan fitilun ma ya sa su yi mata magana. In shuɗi ya fara narkewa yana komawa ja, saura bugu takwas ta yi tsalle. In fari ya fara dushewa, bugu huɗu ta sauka a gwiwa. Mutane suna ta yaba kyan launi, ba su san raɗa ake yi wa Awabu a gabansu ba.

Haka ta ci gaba da rawa da ido, ko sau ɗaya ba ta kuskure ba. In ana zancen amana a gabanta, sunan Hudu take kawowa har a gaji.

Sai gayyata ta zo daga wani babban biki a Kumasi. Baba Moro ya ce don kada a ce ya yi son kai, za a gwada Awabu da Rafi'atu, wadda ta fi iyawa ita za ta ja gaba. Rafi'atu 'yar yayar Hudu ce, shekararta ashirin, ƙafarta da sauri, ba laifi. Awabu ko a jikinta. Ranar gwajin ma har wake da shinkafa ta sayo wa Hudu a bakin titi, da ƙwai biyu a kai, ya karɓa ya cinye tas.

Asabar ce bayan azahar, a wani ɗakin taro a unguwar Maamobi da aka toshe tagoginsa da baƙin ƙyalle. Rafi'atu ta yi nata, aka tafa. Awabu ta hau, ta saci kallon hagu, 'yar fitilarta na nan tana ƙiftawa. Hankalinta kwance ta saki jiki. Rabon da ta ji daɗin rawa irin na ranar har ta manta. Ta lura 'yan ƙungiyar suna kallon juna, ta ɗauka mamaki ne. Ja ya cika, ta yi tsalle. Fari ya dushe, ta sauka a gwiwa, hannu a buɗe, tana murmushi.

Ba wanda ya tafa. Baba Moro ya taso ya tsaya a gabanta, fuskarsa duk tausayi, abin da ta fi tsana ke nan.

"Awabu, tun farko ba ki cikin kiɗin koraa, ko kaɗan," ya ce. "Kiɗi ya ƙare, ke kina ta rawa. Tun yaushe kunnen?"

Ta sauka ta nufi ƙarshen ɗakin inda Hudu ke zaune. A ɗan gilashin konsol ga lamba nan ɓaro-ɓaro, ɗari da goma sha shida maimakon ɗari da ashirin. Lambar nan ba ta sauya kanta, da yatsa ake shigar da ita. Bugu huɗu kacal ya rage, daidai yadda ido ba zai gane ba. Da kashe fitilar ya yi, da ta san an bar ta ita kaɗai, ta ce kanta na ciwo a ɗaga gwajin. Sai ya bar mata ita a kunne tana yi mata ƙarya, ya zauna yana kallo tana murmushi. Wannan ne ya fi yi mata ciwo, ya fi Kumasin, ya fi komai.

"Yaya Hudu," ta ce, "kai ne?"

Ya fara bayani. Ta ga haɓarsa na motsi, ta ga hannunsa na nuni wajen Rafi'atu, yana dawowa ƙirjinsa. Da alama dogon bayani ne, wataƙila ma har da ban haƙuri a ciki. Amma kansa na sunkuye a kan maɓallai, ya ba ta gefen fuska. Duk duniya shi kaɗai ya san sai ta ga bakin mutum take gane abin da yake faɗa, kuma har ya gama bai ɗago ba.