Kukan Ɗan Fari

Gidan Namadi yana wani ƙauye a ƙasar Anka, tafiyar rabin awa a babur idan hanya lafiya. Akwai shi da matarsa Hure, wadda aka auro daga Gwashi, da uwarsa Iya Lubabatu, da 'yarsu Surayya mai shekara goma sha ɗaya, da ƙaninta Isa wanda bai daɗe da barin nono ba. Ba su rasa hatsi ba. Namadi yana noma gero da wake, Hure kuma tana matsar man gyaɗa tana suyar ƙuli-ƙuli. Abin da suka rasa shi ne Yakubu, babban ɗansu, wanda ramin zinari ya rufta da shi a daminar bara yana da shekara goma sha bakwai.

Yakubu ɗan fari ne, kuma a gidan su Hure kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ana yaye shi aka miƙa wa Iya, a ɗakinta ya girma. Hure ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya gaishe ta, takan amsa tana kallon wani wuri. Ranar da aka kawo gawarsa, Iya ce ta yi kuka, ita ce aka yi wa gaisuwa. Hure tana bayan ɗaki tana daka wa baƙi fura. Mata suka yi ta yaba ta, suna cewa 'yar mutunci ce, ko ƙwalla ba ta yi ba.

Bayan sadakar arba'in barci ya ƙaurace mata. Tuwo yana ƙonewa tana tsaye a kansa. Namadi ya kai ta wurin malami aka yi mata rubutu, ta sha na mako biyu, babu canji. Daga nan ƙaninsa Kamilu, wanda yake kasa magunguna a tebur a bakin kasuwa, ya kawo wata 'yar ƙwaya rawaya. Ya ce kati ɗaya naira ɗari uku, kuma duk wanda ya sha zai kwana kamar jariri. Haka kuwa aka yi. Hure ta fara da ɗaya, kafin zuwan kaka ta koma shan uku. Surayya ake aike sayowa, shi ya sa ta fi kowa sanin yadda katin yake saurin ƙarewa.

Wata ranar Lahadi da hantsi, Hure tana zaune gaban kasko, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Ƙafarta ta ture kaskon, mai tafasasshe ya kwarara mata a ƙafar hagu. Dole aka tafi asibiti a Anka, Surayya tana goye da Isa. Likitan da ya duba ƙunar ya lura da yadda Hure take jan magana, ya tambayi abin da take sha. Hure ta ce babu. Surayya ta zaro fankon katin daga bakin zanenta ta miƙa masa. Likitan ya ce ƙwayar ba a barin ta lokaci ɗaya, shi zai riƙa rage mata a hankali, kuma kowace Talata in an wanke ciwon, ta shiga ɗakin ƙarshe ta ga Malama Philomena.

Philomena ba allura take yi ba, ba ta kuma ba da magani. Aikinta ta zauna da masu damuwa ta saurare su. Daga Binuwai ta zo, ta iya Hausa sosai, amma a kasuwa da asibiti ta koye ta. Ta shimfiɗa wa Hure tabarma, ta tambaye ta gida da sana'a, har Hure ta ɗan saki jiki ta ce an yi musu rasuwa bara. Philomena ta tambaya ko ɗanta ne. Hure ta sunkuyar da kai.

“Yaya sunansa, Inna? Faɗa mini sunansa.”

Hure ta miƙe da ƙafa ɗaya, ta dafa bango.

“Ke wace irin mace ce? Ba ki da uwa? Ni za ki sa in kama sunanai? Ke Surayya, ɗauko yaron nan mu tahi.”

Duk hanya tana faɗa, har mai babur ya tambaya ko allura aka yi mata ba daidai ba.

Talata ta gaba dole ta koma saboda ƙafar. Tana layin wankin ciwo, Surayya ta zame ta leƙa ɗakin ƙarshe. Ta gaya wa Philomena cewa wanda ya rasu ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunansa, kuma a gida ɗan Iya ake ce masa. Philomena ta dafe kai, ta ce shekararta huɗu a Anka ba wanda ya taɓa zaunar da ita ya gaya mata haka. Ta fito har bencin da Hure take, ta rusuna a gaban mutane ta ba ta haƙuri. Hure ta kau da kai. Philomena ta zauna gefenta, ta bari layi ya ragu, sannan ta ce ta ji labarin Iya ta yi rashin ɗa, ko wane irin yaro ne ɗan Iya.

Hure ta daɗe tana kallon bandejin ƙafarta. Daga baya ta ce yaro ne mai ci. Ta ce yakan zagayo ta bayanta ya ɗauki ƙuli-ƙuli da zafinsa, ita kuma takan yi kamar ba ta gani ba. A ɗakin ƙarshe suka ƙarasa maganar. Surayya tana bakin ƙofa tana jijjiga Isa, tana jin komai.

Sai a Talata ta uku Hure ta faɗi abin da ya hana ta barci. Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa, ta san ƙasa ta jiƙe. Ta hango shi ya fita da diga a kafaɗa, ta bi shi har bakin zaure don ta ce kada ya shiga rami yau. Ya riga ya yi nisa. Da ta kira sunansa da ƙarfi, da ya waiwayo. Ta duba ko akwai yaron da za ta aika, babu kowa, Surayya ta tafi rijiya. Ta ce “kai” sau biyu, bai ji ba. Ta koma ta ci gaba da gyaran gyaɗa.

A nan ta yi kukan da ba ta yi ba shekara guda. Philomena ba ta ce ta yi haƙuri ba, ta dai matso mata da kofin ruwa ta jira. Surayya ba ta taɓa jin muryar Inna haka ba, ta tsorata, amma da suka fito Inna ta sayi rake ta raba musu, ita ma ta sha.

A gida abin bai zo da sauƙi ba. Likita ya mayar da ƙwaya uku biyu, sannan ɗaya da rabi. Hure ta riƙa gumi, ta zama mai saurin fushi, wani lokaci tana daka hawaye na zuba cikin turmi. Amma tuwo ya daina ƙonewa, ta koma tsefe wa Surayya kai, tana kuma jin kukan Isa tun kafin a taɓa ta. Namadi yana ganin hawayen, yana kuma ba da naira dubu uku na babur kowace Talata yana tsaki. Da ƙafar ta warke a mako na shida, ya ce ai shi ke nan. Hure ta ce Malama ta ce saura zama shida.

A makon nan aka yi suna a maƙwabta. Mata sun cika gida, wanzami ya gama aski, aka shigo da labarin cewa yaro ya ci sunan Yakubu. Hure tana riƙe da ƙwaryar fura. Ta ajiye ta, ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka a gaban kowa. Kafin la'asar ƙauyen duka ya ji cewa matar Namadi ta yi kukan ɗan fari a gidan suna, kuma tun da ta fara zuwa ɗakin masu taɓin hankali a Anka take haka.

Namadi ya shigo bayan sallar la'asar, Kamilu na biye da shi. Iya tana bakin ɗakinta a kan tabarma. Surayya tana wanke-wanke, ba wanda ya ce ta tashi.

Iya ce ta fara. Ta ce ita ta goya yaron, ita ta yi jinyar ƙyandarsa, ita ta raine shi har ya yi gemu, yanzu da ya mutu ake so a ƙwace mata shi. Ta ce ita ma ta binne ɗan farinta, kuma har yau babu mai cewa ya ga hawayenta. Namadi ya ɗora da cewa dubu uku yake fitarwa kowane mako, ga yinin sana'a da ake asara, ga hanyar da kowa ya san halinta, duk don wata baƙuwa ta koya wa matarsa rashin kunya. Ya ce da ƙwayar ɗari uku gidansa lafiya lau yake.

Kamilu ya yi dariya, ya jingina da rumbu, ya sako wasan ƙanin miji.

“Matata, in magana kike so, ga bakin rijiya nan, kyauta ake yin ta. Ko ki zo teburina, in saurare ki in ƙara miki da goro.”

“Teburinka shi yas soya mini ƙahwa,” in ji Hure. “Kai ko kunya ba ka ji? Ka ɗirka wa matar yayanka abin da ba ka iya karanta sunanai.”

“Ai ba ni na ce ki sha uku ba.”

Namadi ya daka musu tsawa. Hure ta juya gare shi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce wata takwas tana shan ƙwaya, ba ta san lokacin da Isa ya fara magana ba. Ta ce barcin ƙwaya kamar a rufe mutum a rumbu ne, ya tashi ya tarar da abin yana nan yadda ya bar shi. Yanzu kuwa takan yi barci kaɗan, amma nata ne. Ta ce kuɗin babur ba sai ya bayar ba, za ta biya da kwalbar mai.

“Ba kuɗi kaɗai ba ne,” in ji Namadi. “Mi kike hwaɗa mata a ɗakin nan? Asirin gidana kike kai wa wadda ko salla ba ta yi?”

“Maganar ɗan Iya nike yi.”

“To ki bar wa Iya ɗanta.”

“Malam, ni na haihe shi.”

Iya ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati. Kamilu ya daina dariya. Namadi ya tsaya yana kallon matarsa, har Surayya ta ɗauka shi ma kuka zai yi. Sai ya haɗiye, ya gyara hularsa. Ya ce ranar Talata in ta hau babur, kada ta tsaya Anka, ta zarce Gwashi wurin iyayenta. Surayya da Isa kuwa 'ya'yansa ne, nan za su zauna. Ya fita, Kamilu ya bi shi.

Kwana uku babu mai yi wa wani magana sai abin da ya zama dole. Surayya ta riƙa bin Inna da ido. Ta ga ta wanke hijabinta ranar Litinin, ta ga ta cika kwalbar mai ta toshe bakinta da leda.

Ranar Talata da safe Hure ta yi wanka, ta sa hijabin, ta ɗauki kwalbar. Namadi yana ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, bai tafi gona ba. Mai babur ɗin da ya saba ɗaukarta ya zo ya tsaya a ƙarƙashin dalbejiya. Hure ta kai bakin zaure. Isa ya biyo ta da gudu ya kama gefen hijabin, yana cewa a goya shi, don ya saba Talata ranar hawa babur ce. Surayya tana tsaye a bayansu da takalmanta a hannu, ba ta san ko ta sa ba.

Hure ta tsaya a nan har mai babur ya yi oda sau biyu. Sannan ta ce wa Surayya ta je ta ba shi haƙuri, yau babu tafiya. Ta koma ɗaki ta cire hijabin, ta ninke shi. Da Surayya ta dawo, ta miƙa mata ɗari uku ba tare da ta dube ta ba.

Kamilu yana ganin yarinyar ya ce ashe matarsa ta huce. Ya ce ta gaya mata ya yafe zagin, ya kuma ƙara ƙwaya biyu kyauta. Surayya ta karɓa ba ta gode ba. Ya kira ta marar tarbiyya, ya ce duk halin uwarta ne.

Bayan mako biyu Philomena ta aiko mai babur ya tambayi lafiyar Hure, ya kuma ce likita yana nemanta saboda ragin maganin. Namadi ya sallame shi daga ƙofar gida, ya ce ta warke. Iya ma haka take gaya wa mata masu leƙowa, tana cewa alhamdu lillahi, an daina koke-koken nan. Namadi ya hana suya, don kada a sake ƙonewa, ya ce a riƙa sayar da gyaɗar ɗanya. Hure takan yi tuwo da wuri, ta sha ƙwayarta, ta zauna jikin bango idonta rabi a rufe. In Isa ya yi kuka, Surayya ce take ɗaukarsa.

Wata rana maƙwabciyarsu Zulai ta tare Surayya a rijiya, ta ce ta ji daɗi da Innarta ta samu sauƙi. Surayya ta ce eh, ta ɗora tulunta a ka. Ta gane cewa Inna ba ta warke ba, ta yi shiru ne don a bar ta tare da su.