Muryar Fausto

Graciete tana tsakiyar shanya kaya a baranda sai Noémia ta leƙo ta tagar gidansu da ke tsallaken titi.

"Dona Graciete, Baba yana kiranki. Likita ya ce da wuya ya kai Lahadi."

Ta ajiye kwandon ta tsallaka da silifas. Shekara uku rabonta da gidan Albano, mahaifin Noémia, mai ɗan kamfanin faifan da ya ɗauki waƙoƙin marigayi mijinta Fausto tun suna samari. Kaset ɗin asali duk suna ɗakinsa na ƙasa, inda danshin tekun garinsu Setúbal ke cin su a hankali. Sau biyu masu sa waƙa a intanet suna zuwa neman izini, yana korarsu, kamar yadda manyan kamfanoni suke yi a lokacin. Cewa yake ba zai bari a sha muryar abokinsa kamar ruwan famfo ba. Da Graciete ta roƙe shi, ya ce ta tsaya kan sana'arta ta gasa kifi, daga nan ko gaisuwa suka daina.

Ta same shi kwance, duk ya rame.

"Kin tsufa," in ji shi.

"Kai kuwa ka yi kyau, sai ka ce busasshen kifi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Jiya na sa Noémia ta buɗe akwatunan. Kaset biyu sun ruɓe."

Ta dafa kujera. "Waɗanne?"

"Ba mai waƙar da Fausto ya yi miki ba. Tana nan lafiya." Ya nuna takarda a gefen gado. "Na sa hannu da safe, masu intanet ɗin su kwashe duka. Har yanzu ɓarayi nake ganinsu, amma danshin nan ya fi su sata."

Graciete ta zauna, ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara masa bargo.

"Taurin kai dai, Albano."

"Shi ya kawo ni tamanin da ɗaya."

Ranar Juma'a da hantsi ya cika, cikin barci.

Bayan wata biyu Noémia ta shigo kicin ɗin Graciete, ta jingina wayarta da gwangwanin sukari ta danna waƙar da aka sa a intanet. Aka ji garaya irin tasu, sannan Fausto ya ja numfashi kafin baitin farko. Graciete ta rage wutar miya don ta ji da kyau, ta tsaya riƙe da ludayi.