Yankan Ƙarshe Daga San Baba

Tun da hantsi Twila ta fitar da naman daga firij, ta barbaɗa masa gishiri, daga nan kuma zama ya gagare ta. Ta goge tebur sau biyu. Ta buɗe littafin girki, ta rufe, ta sake buɗe shafin da ta riga ta haddace.

Yanka ɗaya ne tal, kaurinsa yatsu biyu, kitse ya ratsa shi fari-fari. Shi kaɗai ya rage daga naman san da mahaifinta Lorne ya yanka kafin ya sayar da garkensa ya tare a wannan ɗan gidan bene na garin Lethbridge. Shekara arba'in shi ke gasa wa iyalinsa nama a kan garwashi. Yanzu hannunsa rawa yake yi, masu ginin kuma sun hana hura wuta a baranda. Idan ta ɓata wannan, babu wani.

"Kin zagaye kicin ɗin nan ya fi sau ashirin," in ji Lorne daga kujerarsa. "Saniya mai naƙuda ma ta fi ki natsuwa."

"Baba, don Allah ka bar ni."

Yayanta Garth ya shigo riƙe da kwalbar giyar inabi ta yankin Okanagan. "Malama mai littafi, kin ce jar giya ce ke tafiya da nama mai kitse. Na ci jarrabawa?"

"Ka ci. Buɗe ta ka ajiye, ta sha iska."

"Yanzu har kwalba ma sai ta sha iska," in ji Lorne. "Ni da ke zaune a nan tun kaka, wa ya buɗe ni?"

Garth ya yi dariya. Twila dai kaskon ƙarfe take kallo, har ya fara hayaƙi. Ta ɗora naman, ya ɗauki ƙara, ƙamshi ya cika ɗakin. Hannunta sai kaiwa yake yana komowa.

"Kada ki taɓa shi," in ji Lorne. "Juyi ɗaya ake yi masa."

Ta juya shi sau ɗaya. Ta jefa bota da tafarnuwa, tana kwarara masa da cokali. Sannan ta soka masa tsinken auna zafi da ta saya musamman don yau. Lambar ba ta kai wadda littafi ya faɗa ba.

Ba ta ji tasowar Lorne ba, sai ganinsa ta yi a gefenta. Ya miƙa yatsa ya danna tsakiyar naman.

"Sauke."

"Baba, da saura. Littafin ya ce..."

"Littafin ne ya yi kiwonsa? Ko a faranti dahuwa zai ci gaba da yi. Sauke, 'yar nan."

Ta dubi lambar, ta dubi yatsan yana karkarwa. Anya yatsan da ke rawa haka yana jin abin da yake ji a da? Bota ta fara duhu a kasko. Ta cije leɓe, ta sauke.

Sai kuma jira, minti biyar ba a sa masa wuƙa. Ta ɗauki wuƙar, Garth ya ƙwace. Ta jera kofuna, ta sake jera su. Ta leƙa taga ba tare da ta ga komai ba.

Garth ya zuba giyar, ya miƙa mata wuƙar. Ta yanka. Bayansa ya yi ɓawo mai duhu, cikin kuwa ja ne mai ɗumi, romon bai tsere ba.

Lorne ya ɗauki yanki ɗaya, ya daɗe yana taunawa. Ya kurɓi giyar, ya yamutsa fuska, ya sake cin nama, ya sake kurɓa.

"Yaya, Baba?"

"Da kin ƙara minti ɗaya, da takalmi muke ci." Ya turo mata farantinsa. "Sa min wancan gefen mai kitse, kafin wannan ƙaton ya gan shi."