Hantar Auta

"Yi a hankali mana, ba buhun siminti ka ɗauko ba," in ji Yaya, lokacin da Auta ya buga keken marasa lafiya a bakin ƙofar ofishin likita. Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, sai da Inna ta gyara mata robar iskar da ke hancinta.

Shekara goma sha biyu Yaya ta ba shi, kuma a bayanta ya girma. Yau shekara huɗu hantarta na lalacewa, cikinta ya kumbura, idanunta sun yi rawaya, keken ɗinkinta yana lulluɓe da zane. Cikin dangi bakwai da aka gwada, Auta kaɗai ya dace a yanki ɓangaren hantarsa a dasa mata. Inna ta gaya wa kowa, har mai gyaran famfo. A tashar da yake tuƙa bas kuwa, direbobi tashi suke su ba shi benci. Babu wanda ya san cewa tun ranar da aka zana masa inda za a tsaga, daga ƙirji zuwa cibiya a karkata dama, abinci ya daina wuce masa. Matarsa na da cikin wata bakwai. Ba ta ce kada ya yi ba, ta dai daina haɗa ido da shi.

Likitar dattijuwa ce mai tabarau. Ta rufe fayil ɗin da ke gabanta.

"Kin tuna gwajin da muka zura siririyar roba ta jijiyar wuyanki?"

"Ko na manta, wuyana bai manta ba," in ji Yaya.

"Ciwon hantar ya taɓa huhu. Jijiyoyin da ke kai jini can sun ƙuntata, jinin ya hau sosai, zuciya da ƙyar take turawa. In muka yi dashen yanzu, da wuya ki sauko daga gadon tiyata da rai."

"An fasa ke nan?" Inna ta tambaya.

"An dakatar, Inna."

Auta ya ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjinsa. Ya yi maza ya sunkuyar da kai kada a ga fuskarsa. Inna ta ɗauka kuka yake, ta dafa masa ƙeya tana cewa ya yi haƙuri.

"Likita, ni tela ce, da awo na saba," in ji Yaya. "Nawa ya rage?"

"Ba ni da tef ɗin auna wannan. In aka bar shi haka, yawanci ba sa yin shekaru da yawa, wasu ko shekarar ba sa cikawa. Amma akwai magani. In kika sha kullum ba fashi, a wasu mutanen hawan yakan sauka cikin 'yan watanni. Da ya sauka sai mu sa ranar aiki." Ta juyo kan Auta. "Gwaje-gwajenka na nan lafiya lau. Ka ci gaba da kula da kanka."

Ya ce to.

A baranda Yaya ta kamo rigarsa, ta bubbuga masa haƙarƙarin dama. "Ka ajiye min kayana da kyau, ɗan ƙanina. Ina nan zuwa karɓa. Kada ka ɓata min da soye-soyen tasha."

Inna ta miƙa masa takardar magani, ya sauka ƙasa ya bi layi. Mutum tara ne gabansa. Da ya iso taga, mai ba da magani ya duba takardar, ya duba kwamfuta, ya girgiza kai.

"Wannan ya ƙare mana, ban san ranar zuwansa ba. Amma reshenmu na bayan tashar jirgin ƙasa suna da shi, ɗazu ma na tura wani. Sai ƙarfe huɗu suke rufewa." Ya yago 'yar takarda ya rubuta sunan layin. "Kada a ja lokaci fa, irin wannan ba a kwana da shi."

Auta bai buƙaci kwatance ba. Sau shida a rana bas ɗinsa ke wucewa ta ƙofar shagon. Ya dubi agogon bango, ƙarfe ɗaya da rabi. Ya hau matakala, a hawa na biyu ya tsaya. Ya murƙushe 'yar takardar, ya jefa cikin kwandon shara a kan wasu safar hannu da aka yar.

"An samu?" Inna ta tambaya tun daga nesa.

"Babu. Ya ce ko'ina ma babu, sai an shigo da shi. Wai mu leƙo wata mai zuwa."

Yaya ta ɗago kai. Leɓunanta sun yi shuɗi-shuɗi. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ka sha tsayuwa," ta ce. "Sannu."

Suka ɗauki tasi. Ya zauna a baya kusa da ita, tulun iskar numfashinta tsakanin ƙafafunsa. Direban ya ce babban titi ya cunkushe, ya karya ta bayan tashar jirgin ƙasa, nan ma suka tsaya cak. Shagon na hannun dama, ƙofa a buɗe, wata mata na fitowa da farar leda. Yaya ta jingina kai da taga tana kallon titi.

Auta ya miƙa hannu ta gabanta, ya murɗa gilashin sama, ya ja mayafinta ya kare mata fuska.

"Hayaƙin motoci zai tayar miki da tari," ya ce.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Yaya, ta lumshe ido.