Wutar Baba Manu

Salmatu na durƙushe da kaskonta a bakin murhun Baba Manu tana tonon garwashi, sai ta ji muryarsa daga cikin ɗaki.

"Daga gefe aka ɗiba, ɗiyata. Kada ki huda mata ciki."

Shekara goma sha ɗaya ke nan kullum safiya sai ya faɗa mata haka, kamar ranar ta fara zuwa. Tun da ta tare a wannan lungu na Jibiya, bayan inda manyan motoci ke jiran ƙetarawa Maraɗi, ba ta taɓa ƙyasta ashana don tuyar ƙosanta ba. Wutar maƙwabcinta ba ta mutuwa. Da yamma ya tattara ta ya lulluɓe da toka, da safe ya buɗe ta tana nan jajir. Haka aka koya masa a reluwe, zamanin da yake fayaman, mai zuba kwal a jirgin Zariya zuwa Ƙauran Namoda.

Labarin kan jirginsa kuwa, wanda yake kira 'Yar Baƙa, duk unguwar an sha shi har an ƙoshi. Wata la'asar suka isa Ƙaura aka ce ya rufe wutar da toka, ya bar ruwa a tukunya, gobe za su juya. Gari ya waye sai ga kan dizal ya zo ya ja taragun, su ma aka zuba su ciki kamar fasinja. A aikinsu, wanda ya hura wuta shi ke kashe ta da hannunsa, ya kwance famfon ƙasa ruwan ya tsiyaye, sannan a ce an ajiye jirgi. Shi bai yi ba. Yau shekara arba'in da wani abu.

Da lafiyarsa abin dariya ne, har tsokanarsa ake yi ana cewa ya saki mata bai ba ta takarda ba. Da ciwo ya kwantar da shi sai dariyar ta ƙare.

"Ina jin ruwan na motsi cikinta," ya ce wa Salmatu ranar da ta kai masa koko. "In na juya shi juya."

Ta ji tausayinsa, ta kuma ji tsoro. Shi ya sa da ƙanenta Lado, direban babbar mota, ya ce zai ɗauko kaya a Ƙaura, ta tasa shi gaba har ɗakin tsohon. Baba Manu ya zaro wata doguwar sifana daga ƙarƙashin gado, naɗe cikin tsumma mai maiƙo, ya kwatanta masa inda famfon yake har sau uku.

Kwana biyar Lado ya dawo. A zaure ya tsayar da yayarsa.

"Yaya, kan jirgi ukku na iske cikin ciyawa, duk an ɓamɓare masu lamba. Ban gane tashi ba. Biyu an shafa masu jan fenti. Mai gadi ya ce wasu na cewa gidan tarihi za a kai su, wasu na cewa 'yan gwangwan anka saida ma. Shi kanshi bai sani ba."

"Ka kwance famfon?"

"Wane famfo? Tsatsa ta haɗe komi. Ga macizai."

Salmatu ta dubi ƙofar ɗakin. Tun jiya tsohon bai sa komai a bakinsa ba sai ruwa.

"Ka ce ka kwance," ta ce. "Alhakin na wuyana."

Suka shiga da sallama. Lado ya tsuguna ya ce, "An yi, Baba. Ruwa ya zube tas."

Baba Manu ya miƙo hannu, Lado ya ɗora masa sifanar. Ya warware tsumman a hankali, ya shafa bakinta da babban yatsa, ya ɗaga yatsan ya duba. Fes yake.

"Ƙarhen da ya shekara arba'in a ɗaure ba ya sakin sifana da tsabta, Lado."

Kunya ta rufe Salmatu, ta rasa inda za ta sa idonta. Lado ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya duka, har da zancen fentin. Tsohon bai yi fushi ba. Ya dubi Lado ya ce, "Ka leƙa ciki? Akwai wadda ke da wata waya lanƙwashe, gefen ƙofar wuta?"

"Ta tsakiya. Na gan ta, kamar ƙugiya."

"Nan nika rataye butata." Ya lumshe ido. "Da fenti?"

"Da fenti, Baba."

"To. Allah shi sa gidan tarihin ne." Ya juyo da fuskarsa wajen Salmatu. "Waccan ta hi ƙarhina. Wagga ta tsakar gida, kada ki bari ta mutu ita kaɗai. Ki kashe ta da hannu."

Washegari da hantsi ya cika. Kafin azahar an sallace shi an kai shi. 'Yan gaisuwa suka yi ta shige da fice, har da wasu ma'aikatan sabon layin dogon da ake shimfiɗawa, waɗanda yakan je ya tsaya yana kallonsu. Babu wanda ya kula da murhun.

Sai safiya ta biyu Salmatu ta iya zuwa. Ƙafarta ce ta kawo ta, da kaskon a hannu kamar kullum. Ta durƙusa ta sa tsinke ta ture tokar daga gefe, ta ɗauka ta makara. Can ƙasa garwashi uku suka buɗe ido.

Ta dubi kaskonta. Guda ɗaya ya ishe ta tuyar yau, da ta gobe, da ta baɗi ma in ta iya lulluɓewa. Ta ajiye kaskon a gefe. Ta ɗauko butarsa da ke rataye a jikin wata lanƙwasasshiyar waya a bakin ƙofa, ta yi bisimilla ta tsiyaya.

Murhun ya saki wani dogon huci, irin wanda ba ta taɓa ji ba amma ta gane shi. Farin tururi ya tashi ya bi ta ƙofar ɗakin da ke buɗe, ya haura katanga. Ta zauna a nan riƙe da butar har ya baje.